Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa: an gyara gini, saura masu wasa

Tun da aka sake buɗe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu a Legas, ranar 1 ga Oktoba, 2025, 'yan uwa a nan Katsina suke ta yaɗa hotunansa, wasu suna yabon aikin, wasu kuma suna ƙorafin sauya masa suna. Ni dai batun suna bai tsaya mini a rai ba, domin marubuci Wole Soyinka, wanda aka sa wa gidan sunansa a 2024 lokacin da ya cika shekara 90, a sana'ar wasan kwaikwayo ya shafe rayuwarsa.

An fara ginin ne a zamanin Janar Gowon, aka kammala shi a 1976 a zamanin Obasanjo domin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977. Wani kamfanin Bulgeriya ne ya gina shi bisa fasalin wani zaure da ke birnin Varna, kuma duk wanda ya hango shi daga nesa zai ga kamar hular soja aka kife. Bayan an watse daga biki sai aka bar shi da ruwan sama da rashin kulawa, har babban zauren ya shafe shekaru a rufe, kafin a damƙa shi ga Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna a 2020 domin su gyara shi. Mu ma muna da rabo a wancan biki, tunda a Kaduna aka yi hawan daba, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, sai dai otal ɗin Durbar da aka gina wa baƙin hawan, rushe shi aka yi a waccan shekara ta 2020.

Abin da nake tsoro shi ne kuɗin haya. Banki ba ya zuba dukiya don a tafa masa, kuma idan aka tsawwala farashi, bikin aure da taron kamfanoni ne za su mamaye gidan, masu wasa su koma leƙe ta taga. Ba sai mun je Legas ba kafin mu ga haka. Na ga matasa a garin nan suna gwajin wasa a ajin wata makarantar firamare bayan sallar Isha'i, sun ture bencina gefe guda, ɗaya yana haska wa ɗan'uwansa takarda da fitilar waya, alhali zauren da ya dace da su an cika shi da kujerun walima.

Garin da yara ke tashe da azumi tun kafin a san kyamara ba ya rasa masu wasa da masu kallo. Saboda haka duk zauren da hukuma za ta gyara, a Legas ko a Katsina, ya kamata tun a takardar yarjejeniya a ware wa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ranaku a kowane wata bisa haya mai rangwame, a kuma tanadi kuɗin gyaran rufi da lantarki a kasafin kowace shekara.