Ka kashe kwamfutarka da hannunka kafin a kashe maka

Jama'a, akwai wata shawara da ta daɗe tana yawo a bakin masu harkar kwamfuta, wai gara a bar ta a kunne dare da rana, don yawan kunnawa da kashewa ne ke cinye kayan cikinta. Har wasu masu gyara da ita suke sallamar kwastoma. Ni dai ban yarda ba, musamman ga mutumin da yake zaune a Kano ko Zariya ko Maraɗi.

Ba daga sama maganar ta faɗo ba, tana da tushe. Faifan ajiya irin na da, wato hard disk, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma lokacin tashi ne motarsa ta fi shan wahala. Haka dalmar da aka liƙe kayan bod da ita, wato babban allon lantarkin da ke cikin kwamfuta, in ta yi zafi ta buɗe, in ta huce ta tsuke, yau da gobe sai ta tsage. Duk gaskiya ne. Sai dai masu ƙera irin wannan faifan sun saba rubuta cewa zai jure tashi da tsayawa sau 50,000. Ka raba wannan da kwanakin shekara, za ka samu shekara 137 kana kunnawa sau ɗaya a rana. Jikokinka ma ba za su ga ƙarshen lissafin ba. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike a kan faifai sama da 100,000 na cibiyoyinsu, ba su ga wata alaƙa tsakanin yawan kunnawa da lalacewa ba a faifan da bai wuce shekara biyu ba, sai a waɗanda suka kai shekara uku zuwa sama ne aka ga ɗan ƙari. Yau kuma yawancin kwamfutoci SSD ne a cikinsu, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai da ta maye gurbin faifan, babu abin da ke juyawa balle ya gaji.

Amma wannan duk gefe ne. Wanda ya fara ba da shawarar a bar kwamfuta a kunne, a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa yake. Mu fa? Rukunin Band A, 'yan gatan masu shan wuta a Najeriya, alƙawarin da aka yi musu awa 20 ne a rana. Ke nan ko a takarda an yarda a ɗauke musu awa huɗu. Na Band E kuwa awa huɗun ce gaba ɗaya rabonsu. Kuma ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala aka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. To a irin wannan hali, idan ka bar kwamfutar tebur a kunne ka tafi gida, za ta mutu dai kafin gari ya waye. Abin da ya rage kawai shi ne, kai za ka kashe ta cikin tsari, ko NEPA ce za ta fizge ta tana tsakiyar aiki.

Bambancin kuwa babba ne. Idan ka danna Shut down, Windows yakan rufe manhajoji ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe abin da yake riƙe da shi ya rubuta a faifai, sannan ya saki wuta. Idan aka fizge, duk abin da ake cikin rubutawa a rabi zai tsaya. In ka yi sa'a fayil ɗaya ne ya lalace. In ba ka yi ba, ya zo daidai lokacin da Windows yake sabunta kansa da tsakar dare, sai da safe ka tarar da shuɗin sikirin yana ta zagaye a Automatic Repair, ka ɗauke ta zuwa wurin mai gyara, shi kuma maganinsa ɗaya ne: a yi fomatin, wato a goge komai a sake zuba Windows. Hotunan biki, furojet ɗin ɗalibai, lissafin shago, sai dai haƙuri.

Dawowar wutar ma ta fi ɗaukewarta haɗari. Wani lokaci ta zo da ƙarfi fiye da ƙima, wani lokaci ta zo rabi-rabi ƙwan fitila yana ja kamar garwashi, ga canji daga NEPA zuwa janareto da dawowa. Idan wayar nutural, wato wadda ke daidaita ƙarfin wutar gidaje, ta tsinke a layin unguwa, gidan da ya kamata ya samu bolt 230 yana iya samun kusan 400, ranar ce za ka ji maƙwabta suna lissafin firji da talabijin. A nan ne mutane da yawa ba su san wani abu ba: kwamfutar tebur ko ka kashe ta, akwatin wutarta bai kwanta ba. Tun da kamfanin Intel ya fito da ATX, tsarin ƙera bod da akwatin wutar kwamfutar tebur, a 1995, akwai bolt 5 da yake zaune a bod muddin waya tana jone, shi ne ma ya sa ɗan taɓa maɓalli yake tayar da ita. Don haka kashewa kaɗai ba ta isa ba. Ka kashe soket, da damina kuma in hadari ya haɗo ka zare wayar gaba ɗaya.

Wani zai ce ai yana da UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Malam, ƙaramin UPS na ofis mintuna kaɗan yake bayarwa, an yi shi ne don ka samu damar ajiye aikinka ka kashe. Da ƙarfe biyun dare wa zai yi wannan? Zai yi ta ƙara har batirinsa ya zuƙe tas, irin wannan batirin kuma ba ya son a zuƙe shi, da wuri yake mutuwa.

Sai kuɗi. Mu ɗauka tsohuwar kwamfutar tebur ce mai cin wat 60 ko ba a taɓa ta. Awa 16 da ba ka aiki da ita a kullum, a wata ya kusa yunit 29. A farashin Band A na ₦209.5 da aka sa a Yulin 2024, sama da ₦6,000 ke nan don ta zauna tana hura iska. Mai sola da inbata shi ya fi ji a jikinsa: wat 60 na awa goma ya kai rabin abin da ya dace ka ja daga batir mai 200Ah, wutar da za ta juya maka fanka har asuba a watan Afrilu.

Tunda an zo maganar Afrilu, zafin da ke haura digiri 40 ba mu kaɗai yake dafawa ba. Masu ilimin lantarki suna da ƙa'ida cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kafasita, wato ƙananan kayan da ke tara wuta a jikin bod, gida biyu. Ɗaki a kulle, taga a rufe, na'ura tana aiki har safe. Da hunturu kuma fankarta tana zuƙar ƙura awa 24, ta toshe hanyar iska, zafin ya ƙaru.

Laftof hukuncinta daban, tunda da batirinta take yawo, ɗauke wuta ba ya fizge ta. Da rana in za ka je masallaci ko cin abinci, rufe murfin ta yi Sleep ya wadatar, wutar da take ci a haka ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke kashe ta shi ne zama a caji kullum, batir a cike dam, ga zafi. Nan ne za ka ga batir ya kumbura har ya ɗago wurin da ake jan yatsa. Lenovo da Dell da ASUS duk suna da saitin tsayar da caji kafin ya cika, ka nema ka kunna. Kuma kafin ka jefa ta a jaka ka hau ɗan sahu, ka yi Hibernate, wato ta adana aikinka a faifai ta mutu gaba ɗaya, ko ka kashe, don sababbin laftof sukan farka da kansu a cikin jaka, ka ciro su zafi rau, batir ya ƙare.

Masu kashewa kullum kuma kada su yi saurin tafi. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai abin da ake kira Fast Startup. In ka danna Shut down, Windows yakan adana zuciyar tsarin a faifai, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya don ta tashi da sauri. Duk wata ƙaramar tangarɗa da ke ciki da ita za ta tashi. Ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna abin da ke gudana a na'ura, ka duba Up time, wato tsawon lokacin da ta yi a kunne, za ka iya ganin kwana goma sha alhali kowane dare kana kashewa. Restart ne yake wanke komai, ko ka danne Shift yayin da kake danna Shut down. Ko sau ɗaya a mako ka yi, balle Microsoft tana sakin gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, yawancinsu kuma ba sa kama aiki sai an sake tayar da na'urar. Wani abin dariya, Windows 95 da 98 suna da kuskuren da ke sandarar da su in suka yi kwana 49.7 a kunne, sai da aka yi shekaru kafin a lura, don da wuya su kai haka ba su faɗi ba.

Akwai waɗanda dole su bari a kunne: babbar kwamfutar adana bayanai (server) ta asibiti ko ta banki, na'urar ɗaukar hoton kyamarorin tsaro, wanda yake shiga kwamfutar ofis daga gida. Su sai su tanadi inbata mai kyau da sitabilaiza da ɗaki mai iska, su riƙa kwafe bayanai a wani wuri daban.

Saura ɗan'uwana mai jiran garaɓasar datar dare don sauke manyan fayiloli. In laftof ce, ko akwai inbata, ba sai ka bar ta har safe ba, ba kuma sai ka hana idonka barci ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta shutdown /s /t 7200 ka danna Enter, bayan awa biyu za ta kashe kanta. In fayil ɗin babba ne ka mayar da lambar 10800, awa uku ke nan, in kuma ka fasa sai ka rubuta shutdown /a.