Ƙanena mai zanen jarumai da dodanni, ka ƙidaya awoyinka kafin ka faɗi farashi

Jarumi a kan doki, da sulke da mashi, ga wani ƙaton maciji mai fukafukai ya taso masa daga bayan kuka: wannan zane aikin awa 12 ne ko fiye, ko a hannun wanda ya ƙware. Amma a nan Maraɗi sai ka ga yaro ya sallama shi a jika 2, har yana godiya. Mu yi lissafi. Sefa 2,000 a raba gida 12, kowace awa ta tashi sefa 167. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke a Nijar tun 2024 sefa 42,000 ne a wata, in an raba shi a kan awa 173 na aikin wata, awa guda ta haura sefa 240. Wato mai fasahar da ba kowa Allah ya ba irinta ba yana karɓar abin da doka ta hana a ba lebura. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin shi ke sa yara masu hannu su jefar da alƙalami bayan shekara ɗaya.

Amma kafin maganar kuɗi, bari mu dubi zanen kansa, don ba a tsawwala farashi a kan aikin da bai tsaya da ƙafarsa ba.

Abin da ya fi kashe zanen almara a wajen masu tasowa shi ne haske. Fuska tana samun haske daga dama, takobi yana ƙyalli daga hagu, ƙasa kuma babu inuwa ko kaɗan, sai jarumin ya zama kamar an yanko shi an liƙa. Kafin ka sa launi, ka ɗiga alama a kusurwa ɗaya ka ce nan rana take, kowace inuwa ta bi wannan umarni. In ka gama, ka cire launin gaba ɗaya ka mayar da hoton fari da baƙi. Manhajojin zane irin su Krita da ibisPaint duk suna yin haka cikin daƙiƙa. In jarumi da dodo da bishiya suka narke suka zama toka iri ɗaya, to ba launi ne matsalarka ba, rabon duhu da haske ne. Wurin da kake son ido ya fara sauka, nan za ka haɗa mafi duhu da mafi haske. Sauran wurare ka sassauta musu.

Sai ka cika surar jarumin da baƙi ƙirin, ka dube ta daga nesa. Ana gane mashi daga hannu? Ana gane doki ne ba raƙumi ba? In ba a gane ba, ka gyara tsayuwar tun tana ɗanyen zane. Ka kuma riƙa juya hoton dama zuwa hagu kowane rabin awa, nan take karkataccen ido da kafaɗar da ta zame za su bayyana, domin idonka ya saba da kuskuren ta fuska ɗaya kawai.

Hannu kuwa, kowa ya san dabarar ɓoye shi a bayan riga ko cikin hayaƙi. Mai sayen da ya saba ba da aiki yana fara duba yatsu ne kafin fuska. Ka ɗauki hoton hannunka riƙe da sanda, ka zana shi sau 20, ya fi maka kallon bidiyo 20. Haka ƙafar doki. Gaɓar da ke tsakiyar ƙafar baya tana lanƙwasa ne ta baya, ba kamar ta gaba ba, kuma yawancin dawakan da ake zanawa daga ka a nan suke karyewa. Ga dawakan fada nan, ga hawan salla, ga masu sukuwa. Ka je da waya ka ɗauko su ta gefe, ta gaba, da lokacin da aka ja linzami.

A nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Matasanmu da yawa suna kwaikwayon fadojin duwatsu na Turai da mayaƙa masu gashin zinariya, alhali masu zana waɗannan sun cika duniya, kuma sun girme ka a aikin. Me zai hana ka zana abin da kai kaɗai ka gani da idonka? Lifidi da kwalkwali, amawali, zanko a kan soro, dagi a jikin bango, ganuwa, gawo da ke fitar da ganye da rani. Macijin rijiyar Kusugu a Daura yana nan, Gizo da Ƙoƙi suna nan, Dodo yana nan, ga Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899. Wanda ya iya zana mayaƙin Gobir da kayansa daidai ba ya gasa da kowa a farashi, domin babu wani shago na gaba da za a je a taya.

To, farashi. Ka sa agogo a kan ayyuka 3 masu zuwa, daga layin farko har ka tura, har da lokacin da ka ɓata kana amsa saƙonnin mai aiki. Yawanci za ka tarar awoyin sun ninka abin da kake zato. Ka yanke wa awarka kuɗi. A ganina mai farawa wanda hannunsa ya faɗa kada ya sauka ƙasa da jika guda a awa. Daga nan zanen mutum daga kai zuwa kafaɗa mai cin awa 4 ya tashi jika 4, zuwa ƙugu mai awa 6 jika 6, cikakken jiki mai awa 10 jika 10. Sannan ka ɗora kuɗin kayan aiki. In waya ko allon zanenka ya ci sefa 120,000 kuma zai yi shekara 2, kowane wata yana cin jika 5. In kana gama aiki 5 a wata, kowane aiki ya ɗauki jika guda, ban da mega da cajin batir ranar da babu wuta. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, ranar da allon ya fashe sana'ar ta tsaya.

Mutum na biyu a cikin hoto ba gyara ba ne da za a ɗora kyauta. Ka caji kashi 70 cikin 100 na kuɗin na farko. Doki ko dodo mutum ne cikakke a lissafi, wani lokaci ma ya fi, saboda ɓawon jiki da fukafukai. Abin da ke bayan jarumi a hoton in launi ɗaya ne a bar shi haka, in kuwa gari ne da kasuwa da jama'a, rabin kuɗin aikin ne ƙari. Aikin gaggawa ma haka. Ka rubuta duk wannan a hoto guda, da misalin zane a gefen kowane farashi, ka kafe shi a saman shafinka na Facebook ko Instagram. “Zo inbos mu yi magana” yana korar mai kunya, yana kuma jawo mai son ya yi ta ja da kai har dare.

Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya karɓi kafin alƙalami, kai ma kada ka ja layi sai rabin kuɗi ya shigo. Shigowa kuma ba hoton rasit ba ne da aka turo maka a WhatsApp, wannan kowa yana iya ƙirƙira shi. Ka ga saƙon a layinka na Airtel Money, ko ka karɓa a hannu a Nita ko Amana, sannan ka fara. Wanda ya ce ya turo fiye da kuɗin bisa kuskure, yana so ka mayar masa da ragowa, ka bincika asusunka da kanka tukuna, tsohuwar damfara ce.

Gyara shi ne ramin da awoyi ke zurarewa. Ka nuna aiki a matakai 3: ɗanyen zane, fitar da layi, sai launi. A ɗanyen zane ka ba da gyara 2 kyauta, domin a nan canza tsayuwa minti 15 ne. Bayan an amince an sa launi, “ka juyo da shi ya fuskanci gabas” sabon aiki ne, kuma da kuɗinsa. Ka faɗi wannan a rubuce tun ranar farko, tare da ranar gamawa da abin da ba ka zanawa, ko tsiraici ne ko wani abin da addininka da zuciyarka ba su yarda da shi ba. Ka nemi mai aiki ya rubuto siffar jaruminsa: shekaru, tufafi, makami, hali, da hotuna 2 ko 3 na misali. Duk abin da kake nunawa kafin cikon kuɗi ya zama ƙarami, faɗinsa kada ya wuce fiksel 800 (ƙananan ɗigogin da ake auna girman hoto da su), da sunanka a kwance a tsakiya, ba a kusurwar da za a yanke ba.

Akwai kuma abin da kusan kowa ke sallamawa kyauta bai sani ba. Wanda ya sayi zane don ya sa a fuskar shafinsa daban, marubuciyar da za ta sa shi a bangon littafin sayarwa daban, mai buga riguna 500 daban. Biyan kuɗin aiki ba ya mayar da haƙƙin mallakar zane ga mai saye sai an yi yarjejeniya a kan haka. Don kasuwanci ka ninka farashi sau 2 aƙalla, a rubuta inda za a yi amfani da shi. Ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, don irin wannan aka kafa shi.

Masu saye na waje, musamman masu wasannin almara da ke son a zana musu jarumin da suka ƙirƙira, kada ka ba su farashin gida. Araha mai yawa tana sa su zargi aikin sata ne ko na na'urar AI mai ƙirƙiro hoto da kanta. Yuro a ɗaure yake da sefa, 1 a kan 655.957, don haka yuro 40 ya haura sefa 26,000. Fiverr, shafin intanet da ke haɗa masu sana'a da masu ba da aiki, yana cire la'adar kashi 20 cikin 100, kuma yana riƙe kuɗin sabon mai sayarwa kwana 14 bayan an gama aiki, saboda haka yuro 40 zai dawo 32, kusan jika 21, kafin kuɗin cirewa. Ka tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso Maraɗi kafin ka karɓi aikin, ba bayan ka gama ba. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano kuwa, ka yanke musu da sefa, ka juya zuwa naira a canjin ranar biya, ka ce farashin na mako guda ne.

Za a ce maka na'ura tana yin irinsa kyauta. Kada ka yi gardama, kada kuma ka rage. Ka ajiye bidiyon yadda zanen ya taso daga layin farko, ibisPaint yana naɗarsa da kansa, ka sa shi kusa da aikin da ka gama.

Ranar miƙawa, in za a buga a takarda A4, ka fara aikin tun farko a kan fiksel 2480 da 3508. Ƙaramin hoto ba ya girma daga baya sai ya dushe. Launin da ke ƙyalli a waya, musamman shuɗi da kore, yana mutuwa a injin bugu, don haka a buga gwaji guda kafin a buga 100. Ka tura a PNG, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, ta hanyar aika takarda (Document) a WhatsApp, ba ta hanyar hoto ba, don ta nan yake matse shi ya lalata layukan. Ainihin fayil ɗin aikin, wanda layi da launi suke a shimfiɗu a rarrabe, ya zauna a wajenka sai in an biya shi daban. In ka ga ayyuka 4 ko 5 sun jeru suna jiranka wata biyu a jere, ka ƙara kashi 20 a kan kowane farashi, ka sanar da tsofaffin abokan cinikinka mako 2 kafin ya fara aiki.