Ofishin da ke aljihun ma'aikaci, wa ke biyan hayarsa?

Ɗiyar yayata nas ce a wani asibiti mai zaman kansa a nan Abuja. Ranar wata Asabar ta zo Kubwa gaishe mu, amma tun da ta zauna wayarta ba ta yi shiru ba. Likita ya turo hoton takardar gwaji. Mai ɗakin magani yana tambayar wa aka sallama jiya. Shugabarsu ta sauya jadawalin aikin dare. Na ce mata, "Ke kuwa ba yau kike hutu ba?" Ta yi dariya ta ce, "Kawu, jiki ne ke hutu, waya ba ta hutu." Na tambaye ta ko asibitin ne ya saya mata wayar, ta ce da kuɗinta ta saya. Data fa? Ita ke saka wa kanta. Can autan gidanmu ya zo yana ƙorafin a ba shi ya yi wasa, ta miƙa masa ba tare da ta kawo komai a ranta ba. A cikin wayar nan kuwa, tsakanin hotunan biki da na suna, akwai sakamakon gwajin jinin mutanen da ko matansu ba su gaya wa abin da ke damun su ba.

Ban ga laifinta ba. Abin da take yi shi kowa ke yi, tun daga Sakatariyar Gwamnatin Tarayya har shagunan kasuwar Wuse. Malamar makaranta na tura wa iyaye sakamakon yara da wayarta. Ma'aikacin banki da aka ɗora wa nemo masu ajiya yana ɗaukar hoton katin shaidar mutane da tasa. Mai kai saƙo a babur da ita yake neman gida. Mu 'yan jarida ma ba mu da bakin magana, domin rabin hirarrakin da muke yi a wayoyinmu suke kwana.

Babu ranar da aka zauna aka yanke cewa haka za a riƙa yi. Wayar tebur ta NITEL ta mutu, wayar salula ta shigo a 2001, kowa ya fara bayar da lambarsa saboda ita ce ke shiga. Daga baya WhatsApp ya zo. Da aka rufe Abuja ranar 30 ga Maris 2020 saboda korona, ga shi an riga an ce ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, sai kowane sashe ya buɗe guruf don aiki kada ya tsaya. Korona ta lafa, guruf bai rufe ba. Yau sanarwar taro, takardar izini, har faɗan oga, duk a nan suke sauka.

In za a faɗi gaskiya, abin ya kawo sauƙi. Wanda ya taɓa bin fayil daga hawa na biyu zuwa na takwas, aka ce masa masinja ya fita sai gobe, ya san darajar takardar da ke isa cikin daƙiƙa. Mai ƙaramin kamfani da ke da ma'aikata biyar ba shi da kuɗin saya wa kowa waya. Ma'aikatan su kansu da yawa ba sa son yawo da waya biyu da caja biyu a garin da wuta ke zuwa ta ɗauke yadda ta ga dama. Don haka ni ban cikin masu cewa a haramta. Ko an haramta ma a takarda zai tsaya, wanda ya sa hannu a kan haramcin shi ne zai fara turo saƙo da daddare.

Inda nake da magana shi ne, sauƙin nan akwai mai biyan kuɗinsa, kuma ba wanda ke cin moriyarsa ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan farashin kira da data. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Farashin waya ita kanta, duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Banex bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023 ya san yadda ya koma. Mai shara ko direba ko ƙaramin akawu da ke zaune a Mararaba, wanda kuɗin mota ya riga ya cinye masa rabin albashi, shi ake sa ran kullum yana da data don kada sanarwa ta wuce shi. Ranar da ya ce bai ga saƙo ba, amsar da zai samu ita ce, "Ai an saka a guruf." A da ofis ke sayen takarda da biro da tafireta, ofis ke biyan kuɗin wayar tebur. Yanzu an kwashe wannan nauyin an ɗora wa mafi ƙarancin ƙarfi a gidan, kuma an yi shi cikin ruwan sanyi, har shi kansa bai lissafa shi a matsayin asara ba.

A jihar Kalifoniya ta Amurka an taɓa kai irin wannan magana kotu. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yanke cewa duk ma'aikacin da aka wajabta wa yin kiran aiki da wayarsa, dole kamfani ya biya shi wani kaso mai ma'ana na kuɗin wayar, ko da tsarin da yake kai na biyan wata ne wanda ba a ƙirga mintuna. Hujjar alƙalan mai sauƙi ce: in ba haka ba, kamfani ya samu garaɓasa ke nan ta hanyar tura wa ma'aikaci kuɗin gudanar da kasuwancinsa. Ba sai an yi karatun lauya ba kafin a gane wannan. Ko a kasuwa, in ka aiki yaron shago da babur ɗinsa, kai ke zuba mai.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun fi mayar da hankali ga albashi da farashin fetur, kuma ba laifi. Amma alawus ɗin data abu ne da ya kamata ya shiga teburin ciniki, ya zama haƙƙi a rubuce, ba alfarmar da oga zai yi wa wanda yake so ba.

Sai kuma wata matsala da ta fi kuɗi girma, wadda ta shafi yadda layin waya yake a Najeriya. Tun daga Disamban 2020 aka fara tilasta haɗa kowane sim da lambar NIN ta mai shi. Ma'ana, layin da ake gudanar da harkar kamfani a kansa, a idon hukuma na mutum ɗaya ne, da sunansa da hoton yatsunsa. Wannan wuƙa ce mai baki biyu. Ma'aikaciyar da ta shekara huɗu tana hulɗa da masu sayen kaya da lambarta, ranar da ta ajiye aiki da su za ta tafi, domin ita suka sani, ita za su kira. Na ga mai kamfanin da ya yi ta kumfar baki a kan haka, wai an yi masa butulci. To, layin wa? Zanen aro ba ya rufe katara. A ɗaya ɓangaren kuma, in wata mu'amala ta ɓaci, aka yi cinikin da ya koma rikici, 'yan sanda lambar da aka yi magana da ita za su bi. Wanda za a fara ɗauka shi ne ɗan albashin da sunansa ke kan sim, ba mai kamfanin da ya ce masa "yi amfani da taka kawai" ba.

Ga kuma mu da bayananmu ke cikin waɗannan wayoyin, mu da ba a taɓa tambayar mu ba. Wayar ofis a ofis take kwana. Wayar mutum kuwa tana shiga motar haya a Berger da Area 1, inda kowa ya san 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja da sunan motar haya, ba sa barin mutum sai ya buɗe musu ita. Tana zuwa wurin mai caji a bakin titi. Yara na wasa da ita, miji ko mata na dubawa, ƙani na aro ya yi kira. In ta tsufa a sayar da ita ko a ba wani a gida, sau da yawa ba tare da an goge komai ba.

Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanai a kan ma'aikata ko kamfanin da ya tattara su. Ta ce in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72. Ga manyan masu riƙe bayanai, tara na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Bayanan lafiya kuma suna cikin waɗanda dokar ta keɓe a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman. To a gaya mini, asibitin da bai san abin da ke cikin wayoyin nas-nas ɗinsa ba, yaya zai kai rahoton abin da ya ɓata? Nas ɗin da aka fizge wa waya a Nyanya, abin da zai fara zuwa ranta shi ne ta toshe asusun bankinta, ba ta sanar da asibiti cewa takardun mutum talatin sun tafi ba.

Masu ganin wannan ƙaramin abu ne su dubi abin da ya sami manyan bankunan Amurka. A Disamban 2021 hukumomin can suka ci tarar JPMorgan dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa na maganar kasuwanci ta WhatsApp da saƙonnin wayoyinsu, bankin kuma ya kasa ajiye tarihin hirarrakin kamar yadda doka ta tanada. A Satumban 2022 aka sake cin tarar wasu bankunan, har da Goldman Sachs da Morgan Stanley, jimlar kusan dala biliyan 1.8. Laifin ba sata ba ne. Laifin shi ne an yi magana a inda mai bincike ba zai iya gani ba.

Wannan ɓangaren ne ya fi damu na game da aikin gwamnati. Fayil, duk da jinkirinsa da ƙurarsa, yana da wata daraja guda: wanda ya ba da umarni sai ya sa hannu. Bayan shekara ashirin ana iya buɗewa a ga wa ya ce a biya, wa ya ce a dakata. Umarnin da ya zo ta saƙon murya ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba shi da wannan. Ana iya goge shi daga ɓangarorin biyu. Darakta ya yi ritaya, ya tafi da wayarsa, tarihin sashe guda ya bi shi gida. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati, ta kuma ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa. Amma me za a miƙa masa in shawarar a guruf aka yanke ta? Ƙaramin ma'aikacin da ya aiwatar da umarnin shi zai tsaya gaban kwamitin bincike yana rantsuwa cewa an ce ya yi. Gwamnati tana da adireshin imel na gov.ng, tana kuma ta maganar raba aikin ofis da takarda. Madalla. Sai dai raba aiki da takarda bai kamata ya zama raba shi da shaida ba.

Wasu kamfanonin da suka farga sun ɗauko magani, sai maganin ya zo da tasa cutar. Suna sa ma'aikaci ya saka wata manhaja da ke ba sashen kwamfuta iko a kan wayarsa, har su iya goge ta daga nesa in ta ɓata. A takarda abin ya yi kyau. Amma wayar da mutum ya saya da guminsa, mai ɗauke da hirarsa da matarsa da hotunan mahaifiyarsa da ta rasu, a ce wani a ofis yana da makullinta? Ga shi kuma hanyar raba gardama tana nan. Wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun mafi yawanmu, suna da tsarin keɓe ɗaki guda na aiki a cikin waya, kamfani ya mallaki abin da ke ɗakin kawai, ya goge shi in ta kama, sauran gidan kuma ba ruwansa. iPhone ma na da makamancinsa. Wanda zai saka wa ma'aikaci irin wannan manhaja, ya fara rubuta masa a fili abin da za a iya gani da wanda ba za a iya ba, kuma ya bar masa damar cewa a'a ba tare da ya rasa aikinsa ba.

Batun lokaci kuwa ba zan tsawaita ba. Faransa ta fara aiki da doka tun 1 ga Janairun 2017 da ta sa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan lokacin da mutum ke da 'yancin kashe wayar aiki. Mu nan ko doka ba ma buƙata kafin oga ya san cewa bayan isha'i lokacin iyali ne.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Yawancin Tecno da Infinix da itel da ke aljihunmu sim biyu suke ɗauka. Kamfani ya yi rajistar layi da sunansa, ya ba ma'aikaci, ya riƙa zuba masa data, ranar rabuwa ya karɓi abinsa. Inda aikin ya shafi sirrin mutane, kamar asibiti da banki da kotu da ofishin albashi, a sayi wayar aiki da za ta kwana a wurin aiki. Asibitin da ke karɓar dubban nairori kuɗin buɗe kati ba zai ce waya biyu a kowane ɗakin jinya sun gagare shi ba. A gwamnati kuma, duk umarnin da ya shafi kuɗi ko haƙƙin wani, ko da ya fara ta waya, kada a aiwatar sai ya shiga inda ake ajiye tarihi.

Mako biyu bayan zuwan nata, ɗiyar tawa ta kira ni da wayar ƙawarta. Tata ta faɗi a bakin asibiti, gilashin ya fashe, ta kai gyara. Na ce, "Kin dai cire hotunan nan kafin ki bayar?" Ta ce, "Kawu, ta yaya, gilashin ba ya taɓuwa?" Mai gyaran ya ce sai gobe da yamma, ya kuma nemi lambar sirrin don ya gwada in ya gama. Ta rubuta masa a bayan rasit, ta tare mota ta wuce aikin dare.