Ba ka buɗe akwatin ba

Jiya bayan Isha a majalisarmu ta nan Jidda, na ɗan fita karɓo mandi, kafin in dawo wai wani malami ya ce aikina na makullin sirrin kwamfuta "zato ne kawai". Su o'o manya. To, saƙo ya iso.

Eh, zato ne, kuma ɓaro-ɓaro na rubuta a shafin farko: idan gano lambobin da aka ninka aka sami wata ƙatuwar lamba yana da wuya, makullina ba ya ɓalluwa. Idan. Ita RSA, sananniyar dabarar kulle saƙonnin kwamfuta, tun 1977 a kan irin wannan zaton take tsaye. Masanin lissafi Shor ya nuna a 1994 cewa cikakkiyar kwamfutar kwantam, mai aiki da dokokin ƙwayoyin zarra, za ta rushe shi, mun sani, ba mu ɓoye ba.

Abin da dai ba mu yi ba shi ne tara yara 'yan digirin farko a ce musu, kamar yadda shi malamin ya yi, an raba P da NP a shafi 9, wato wai an tabbatar matsalolin da kwamfuta ke warwarewa da sauri (P) ba ɗaya suke da waɗanda ake iya duba amsarsu da sauri (NP) ba. Dala miliyan 1 ta Cibiyar Clay tana ajiye tun 2000 don wanda ya warware wannan tambayar, me ake jira?

Malam ya ɗauki na'ura kamar rufaffen akwati, ya jefa tambaya, ya ƙirga amsa, ya ce ya gama. Ai tun 1975 Baker da Gill da Solovay suka toshe wannan hanyar. Sun kawo boka guda, wato akwatin da ke ba na'ura amsa nan take, in aka bar kowa ya tambaye shi P da NP su zama ɗaya, suka kawo wani bokan su rabu. Hujjar da ba ruwanta da wane boka ke zaune ba ta yanke wannan shari'ar. Ba ka buɗe akwatin ba, malam.

Ba raina ƙirgen tambayoyi nake ba. A ce alhaji ya ɓata a ɗaya cikin tanti miliyan 1, kwamfutar yau sai ta leƙa kusan duka in ba a yi sa'a ba, dabarar Grover ta 1996, mai aiki a kwamfutar kwantam, leƙe wajen 1,000 ya ishe ta, kuma an tabbatar ba a iya rage shi sosai. Amma wannan iyakar mai leƙe ce daga waje. Kai kuma daga waje ka tsaya. Ba ka buɗe akwatin ba.

Wallahi abin da ya ƙona min rai, ni ne na ajiye nawa aikin cikin azumi, bayan tarawihi har sahur ina bin shafukanka, na ja jan layi a shafi na 4, na turo maka kai kaɗai don kar a yi maka dariya. Ko "na gani" ba ka ce ba. Yau ni ne mai zato? Ni?

Ban kira suna ba. Shafin mai jan layi yana nan a wayata, kuma ranar Juma'a ina majalisa. Wannan karon wani ne zai je karɓo mandin.