Farar Haut-Brion ba 'yar rakiyar ja ba ce

Shekarata tara ke nan a Bordo, kudu maso yammacin Faransa, ina aiki a ɗakin ajiyar kwalabe na wani dillalin giyar inabi. Duk watan Afrilu nakan bi maigidana wurin ɗanɗanon sabuwar giya, wadda ko daga ganga ba ta fita ba. Akwai abin da nake gani duk shekara da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai tsaya minti goma kan jar giya, yana jujjuya kofi, yana cusa hanci, yana rubutu. Da an miƙo fara, sai ya kurɓa sau ɗaya, ya tofar a mazubi, ya ce ta yi, ya nufi ƙofa.

Gonar da ta fi nuna mini cewa wannan rashin adalci ne ita ce Château Haut-Brion, a Pessac da ke gefen Bordo, wadda gidajen gari suka riga suka kewaye. A jerin darajar giyar Bordo da aka yi a 1855, ita kaɗai ce aka ɗauko daga wajen yankin Médoc, da ke arewa da Bordo, aka sa a sahun farko na jajaye. Ƙasarta tsakuwa ce, mai riƙe zafin rana, ruwa kuma ba ya kwanciya a cikinta. Jan inabi ya cinye kusan hekta 48 na gonar, farin kuwa bai wuce kamar hekta 3 ba.

Ban raina ja ba. Wadda ta kwana biyu a kwalba, idan ka kai hanci, za ka ji hayaƙi-hayaƙi, da ƙamshin busasshen ganyen taba, da na ƙasa da aka yi wa yayyafi. Sai dai sanin ja ya fi sauƙi fiye da yadda ake zuzutawa, don tana da abin kamawa. Ruwan jan inabi kusan ba shi da launi. Ana barinsa ne da ɓawonsa makonni a cikin tanki, daga nan launi da bauri suke fitowa. Baurin nan shi ne ma'auni. Ka kurɓa, ka zagaya da ita a baki, ka tofar, ka saurari dasashinka. Idan ya kama kamar an goga masa tsumma, inabin bai nuna sosai ba. Idan ya yi laushi kuma ya daɗe, giyar za ta kai shekara talatin.

Fara ba ta da wannan madogarar. Ana matse Sémillon da Sauvignon Blanc, irin farin inabin da ake yin ta da su, nan take, a raba ruwa da ɓawo, don haka babu baurin da zai rufa wa kuskure asiri. Tsami ne da kauri da ƙamshi kawai. Sauvignon ke kawo kaifi da ƙamshin ɓawon lemo, Sémillon ke kawo jiki, in ta tsufa kuma ta koma ƙamshin kakin zuma. Ƙamshin itacen ganga ya ɗan yi yawa, ta lalace. An makara kwana uku wajen tsinka, ta yi lami. Sau biyu kacal na taɓa kai farar Haut-Brion bakina, kuma na biyun, bayan na tofar, na tsaya ina ƙirga a zuci har na wuce arba'in ɗanɗanon bai bar harshena ba.

To me ya sa ake wuce ta? A ganina ido da suna ne ke yi mana ɗanɗano kafin harshe. A 2001, Frédéric Brochet da Gil Morrot da Denis Dubourdieu sun ba ɗalibai 54 masu karatun ilmin giya a jami'ar Bordo farar giya da aka rina ja da launi marar ƙamshi. Ɗaliban suka shiga kwatanta ta da kalmomin da ake kwatanta ja. Kafin nan, a wata gasar ɗanɗanon giya a Faris a 1976, alƙalai Faransawa da aka ɓoye wa sunayen kwalabe sun ɗora jar Stag's Leap ta Kalifoniya a kan Haut-Brion ta 1970. Waɗannan alƙalan fa ba 'yan koyo ba ne. Bordo ɗin nan ma da ake wa kallon garin ja, har wajen ƙarshen shekarun 1960 farar da yake yi ta fi jar yawa.

Wani laifin kuma na masu zubawa ne. An taɓa kawo mana wata babbar fara a wani gidan cin abinci, an nutsa ta cikin ƙanƙara har kofi yana zufa, ba ka jin komai sai sanyi. Na riƙe kofin cikin tafukana kusan minti biyar kafin ƙamshin ya farka, lokacin kuwa sauran teburin sun riga sun yanke mata hukunci. Irin wannan fara digiri 12 take so, ja kuma 16 zuwa 18.

Bana na roƙi maigidana mu sauya tsari a namu ɗakin, ya yarda. Idan baƙi sun gama da ja, mukan ba su ruwa, mu dakata minti goma sha biyar, sannan a fito da farar cikin babban kofi irin na ja, kwalbar a naɗe cikin takarda.