Ku daina bari a cire wa motocinku indomi

Hayaƙin da ake shaƙa a cunkoson Nyanya da Mararaba da yamma, ba duka ne laifin tsufan mota ba. Wani a gareji ake ƙirƙiro shi, da hannun bakanike, da yardar mai mota.

A jikin salansa, kusa da inji, akwai tukunyar da makanikan Apo ke kira indomi. Cikinta kamar saƙar zuma ne, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam. Idan ta ɗau zafi, ita ke juya iskar kabon monoksaid da fetur ɗin da bai ƙone ba su rage guba kafin su fito. Tsadar ƙarafan nan ce ke sa da zarar mota ta ɗan rage ƙarfi sai a ce maka "Alhaji, ta toshe, a fasa ta." Kada ka yarda sai an sa kwamfuta an duba. In ma ta toshe ɗin, akwai abin da ya kashe ta: fulogi ya mutu yana barin ɗanyen fetur ya wuce, ko injin na shan baƙin mai. Ka sa sabuwa ba ka gyara wannan ba, ita ma za ta bi sahu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. An ƙera inji ya yi aiki a kusan digiri 90. In bai kai ba, kwamfutar motar za ta ɗauka bai gama ɗumi ba, ta yi ta ƙara masa fetur. Ga asarar kuɗi tun da aka cire tallafi a 2023, ga hayaƙi. Zafin inji daga lagireto mai datti yake zuwa, ko yoyon ruwa, ko fankar da ta gaza. Can za a duba.

Kalli launin hayaƙinka. Baƙi, fetur ya yi yawa: matatar iska ko sensa. Shuɗi, galibi ringin fistin ne ya tafi, injin na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, gaskit ɗin kan inji ne ya lalace.

Iskar taya kuma a rubuce take jikin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI. Ka nuna wa mai faci.

Baƙin man juye kuwa, don Allah a tara a jarka. Wanda aka zuba a kwata, ruwan sama ne zai kai shi rafi.