Tsohuwar bindiga ba harbi ke kashe ta ba, hannun mai ita ne

Duk wanda ya ɗan jima cikin masu tara tsofaffin bindigogin nan ƙanana na .22 (lambar faɗin harsashinsu ce a ma'aunin inci) ya san rigimar da ba ta ƙarewa, wai shin a riƙa harba su ne ko a kulle a kabad ana kallo? Ni dai ina ɓangaren a harba, kuma ba don son jin ƙara ba, abin da idona ya gani ne. Cikin waɗanda na ga sun lalace, na harbi ba su taka kara sun karya ba, yawanci mai ita ne ya kashe ta da hannunsa, shi a dole gyara yake.

Sai ka gane yadda harsashin rimfaya, wato irin wanda waɗannan bindigogin ke harbawa, yake kafin ka gane maganata. Sinadarin da ke tayar da wuta ba a tsakiyar gindin kwanso yake ba, an zuba shi ne zagaye cikin leɓen gindin, fil ɗin bindiga ya daki leɓen ya matse shi sai albarushi ya kama. Wani Bafaranshe, Flobert, ya fara fito da dabarar a 1845, Smith & Wesson a Amurka suka yi harsashin .22 Short a 1857, sannan kamfanin Stevens ya kawo .22 Long Rifle a 1887, wanda har yau shi ake harbawa a gasar Olamfik ta mita 50. Toh tunda dole leɓen ya zama siriri yadda fil zai iya matse shi, kwanson ba ya ɗaukar ƙarfi mai yawa, shi ya sa harsashin yake ɗan ƙarami, dalma ce mai laushi wajen giram 2.6 an shafe ta da kakin zuma ko makamancinsa. Ka faɗa min, yaushe dalma mai laushi za ta cinye ƙarfen bututu? Sai dai jikoki su gada suna harbawa.

Abin da ya ci bututun tsofaffin farko gishiri ne. Kafin Remington su fito da harsashin Kleanbore wajen 1927, sinadarin tayar da wutar yana barin gishiri cikin bututu, ya jawo laima, in ba a wanke ba tsatsa ta hau. Shi ya sa za ka ɗauki Winchester Model 1890, wannan ta ja-ka-tura da John Browning ya zana wadda aka yi ta amfani da ita a rumfunan harbin wasa, ka gan ta daga waje kamar amarya, ka haska fitila ciki ka ga duk zanzana. Wannan ya riga ya wuce, ba laifin na yanzu ba ne.

Laifin na yanzu daban. Na taɓa riƙe wata bindiga ta wani abokina, ya kawo min yana ƙorafi wai kwanso maƙalewa yake sai ya sa tsinke ya zaƙulo. Na buɗe na duba bakin ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu, can sama akwai ɗan lotsawa kamar an danna farce a sabulu, ƙarfen ya turo ciki kaɗan. Nace kana danna kunama babu harsashi ko? Yace kullum da dare, wai yana koyon saiti. Ai kaga matsalar, a tsofaffin rimfaya da yawa in babu leɓen kwanso a wurin, fil ƙarfen bindigar yake duka kai tsaye, yau da gobe ya lotsa wurin ko fil ɗin ya karye. Kwanson da aka riga aka harba in ka saka ya isa ya tare dukan, abin da ko sisi ba zai ci maka ba.

Sai masu tsafta fiye da kima. Mutum ya harba harsashi ashirin ya ɗauko sandar gogewa ya zura ta baki yana dirza kamar yana da gaba da bindigar, sandar tana gogar leɓen bakin bututu, alhali wannan leɓen shine abu na ƙarshe da ke taɓa harsashi kafin ya fita, in ya ci gefe ɗaya saiti ya tafi kenan. In bindigar ta ba da hali ta baya ake gogewa, a hankali, kuma ba kullum ba. Ɗan mai a tsumma a shafe waje saboda gumin hannu, a ajiye inda babu laima, wallahi wannan ya fi rabin aikin.

Amma wanda ya fi ƙona min rai mai samfefa ne. Ya samu bindiga mai shekara 90, launin ƙarfen ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙotar ta yi duhu daidai inda tafin hannu ke kamawa, sai yace ta tsufa bari ya sabunta ta. Ya kankare ƙota, ya zuba banish mai ƙyalli, ya kai a goge ƙarfen a sake rina shi, rubutun kamfani da yake da kaifi ya dusashe, kusurwoyi suka zama kamar an tsotse alewa. Masu saye da suka san kan abin suna kallo ɗaya za su gane, farashi ya faɗi, kuma babu maƙerin da zai dawo da abin da samfefa ta cinye.

Masu cewa kar a harba suna da tasu gaskiyar, ba zan danne ba. In Allah Ya ba ka Winchester Model 52 da ba a taɓa harbawa ba tana cikin kwalinta, kyale ta, harbi ɗaya asara ne. Wasu kuma ko kana so ba hali, Henry ta 1860 harsashinta .44 rimfaya ne da aka daina yi tuntuni, Winchester 1903 ma nata harsashin daban ne, ba .22 Long Rifle ba. Amma nawa ne irin waɗannan? Mafi yawan abin da ke hannun mutane bindigogin aiki ne, Marlin 39A, Brno ta Cakoslobakiya, BSA Martini ta Ingila, an ƙera su da yawa don a harba, kuma ajiya ma ba lafiya ba ce, mai yana daskarewa ya zama danƙo, tsatsa tana ci ba wanda ya leƙa.

Sharaɗina kawai a san me ake zuba mata. A karanta abin da aka buga jikin bututu, Model 1890 kowacce harsashi iri ɗaya tak aka yi ta domin shi. Mai matsakaicin gudu, wajen mita 330 a daƙiƙa, shine daidai da tsohuwa, irin su CCI Stinger masu zafi da kwanso mai ɗan tsawo a bar wa na zamani. Kafin harbin farko maƙerin bindiga ya duba ta, lasisi da dokar ƙasar da kake kuma ba abin wasa ba ne, musamman da yake .22 da yawa da aka yi a Amurka kafin dokar 1968 da ta wajabta buga wa kowace bindiga lambarta ba su da lamba a jiki, sai ka san yadda hukuma ke rajistar irinsu. Kuma ƙanƙantarta kar ta ruɗe ka, kwalayen harsashin da kansu suna gargaɗin yana iya kaiwa sama da kilomita biyu, dole bayan abin da kake auna ya zama tudun ƙasa.

Ta abokin nawa dai maƙeri ya mayar da ƙarfen da ya turo da wani ɗan ƙarfe da ake zurawa ɗakin harsashi a murza, kwanso ya dawo fita da kansa. Samfefar da na gani cikin jakarsa ranar kam ni na tafi da ita.